Wa Ya Tsayar Da Agogon Foma?

Da hantsi aka tsinci gawar Foma Lukich, mai kula da agogon coci, cikin ƙanƙara a gindin hasumiyar ƙararrawa. Agogon ma ya tsaya. Kafin Sufeto Belkin ya iso, matan kasuwa sun gama shari'a: wai agogo ya ji mutuwar ubangidansa. Kamar ƙarfe ya san makoki.

Agafya, matar mamacin, ta riƙe rigar Fada Serafim, limamin cocin.

"Baba, a ina za a binne shi?"

"Bayan katangar maƙabarta, 'yata. Wanda ya kashe kansa ba a yi masa addu'a."

"Wa ya ce kansa ya kashe?" in ji Belkin.

"Ni na gani, ranka ya daɗe," in ji Yefim mai kaɗa ƙararrawa. "Ina harabar coci ya daka tsalle. Ban ko je kusa ba."

Belkin ya durƙusa. An rufe wa gawar idanu, an harɗe hannuwa bisa ƙirji.

Ya hau hasumiya yana haki. Igiyoyin agogon lafiya lau, an ma murɗa masa makulli, bai kamata ya tsaya ba. Amma ƙarfen da ke lilo a ciki an ɗaure shi tam da ɗamarar saƙa.

Ya sauko, ya dubi Yefim, ya ga rigarsa sake tana kaɗawa.

"Yefim, in aka yi mutuwa a gidanku, me ake fara yi?"

"A rufe madubi, a tsayar da agogo. Kowa ya sani."

"Mamacin ne ke tsayarwa?"

Belkin ya nuna ƙugun Yefim.

"Ina ɗamararka, ɗan'uwa? Ko sanyin nan zafi yake maka?"

Yefim ya cire hula.

"Gudumar agogonsa ta tsaga babbar ƙararrawa. Kakana ya ƙera ta. Na roƙe shi ya sassauta, ya ce ai tsohuwar tukunya ce. Tura shi kawai na yi." Ya share hanci. "Na kasa barin agogo yana tafiya a kan gawa. Zunubi ne."

"Binne shi bayan katanga fa, lada ne?" in ji Belkin.

'Yan sanda biyu suka sa Yefim gaba. Agafya ba ta ko kalle shi ba.

"Baba," ta ce, "a haƙa kabarin a cikin maƙabarta. Kusa da 'yarmu."