Fitilar da Lauratu Ta Kunna da Rana

Ranar kasuwar auduga Lauratu ta fara ganin Jibo direba, a ƙauyensu da ke bayan Malumfashi. Ya kashe babbar motarsa, ya bar fitilu a kunne da rana tsaka.

"Malam, fitilunka na ci."

"Mai fura, ji da furarki."

Da la'asar batir ya mutu murus. Ta yi dariya har da riƙe ciki, shi kuwa kamar ya haɗiye ta don haushi. Tun daga ranar, duk kasuwa sai ya zo sayen fura don a yi cacar baki. Tana ce masa Taurin Kai, yana ce mata Barkono. Kafin kakar auduga ta ƙare, so ya yi musu mugun kamu.

Ran da ya je neman izinin aurenta, mahaifinta Malam Maiwada ko tabarma bai ba shi ba.

"Direba? Yau Funtua, gobe Gusau? 'Yata ba kayan lodi ba ce. Gama lodinka ka kama gabanka."

Lauratu na zaure, ranta ya ɓaci. Ta san in motar nan ta tashi, ta rasa shi ke nan. Jibo na wajen sikeli, ta lallaɓa ta murɗa makunnin fitilu. Gaban motar na kallon danga, ba wanda ya lura.

Da yamma mota ta ƙi tashi. Samari suka ƙi turawa don kishi, saboda ɗan garinsu Manu ma yana son Lauratu. Dole aka aika batir Funtua caji, sai bayan kwana uku.

"Ke ce, Barkono! Audugar mutane fa na wuyana!"

"Ni ce. In ka tafi, da wa zan yi faɗa, Taurin Kai?"

Washegari ya ɗauki sanda ya shiga sussukar dawar Malam Maiwada ba gayyata. Tsohon ya yi ta zazzaga masa masifa, Jibo bai ɗago kai ba.

Rana ta uku tsohon ya gaji.

"Wanda ya jure bakina zai jure nata. Turo magabatanka."

Bayan sati shida aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, har ita da Jibo sun fara gardamar inda za a aza akwati. Malam Maiwada ya share ƙwalla da bakin riga.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ko da yake ban ga alama ba."