Baitin Farko

Dab da magariba Inna ta aike ni tsohon gidanmu in ɗauko masaƙar marigayiya Kaka, don washegari magina za su rushe ɗakinta. Na tafi ina gunaguni. Ni mai keken ɗinki, me zan yi da tarkacen itace?

Kaka na da waƙar saƙa mai baiti biyar. Kowane baiti yana faɗin zare nawa za a ɗaga, nawa za a sauke. In babu waƙar, babu irin zanen gidanmu. Ni kaɗai ta cusa wa ita, ina turo baki.

Ɗakin na warin ƙura da tsohuwar auduga. Na sunkuya zan kwance igiya.

Ƙwas. Ƙwas.

Zaren na ɗagawa yana sauka, ba hannun kowa. Daga lungu wata murya ta soma baitin farko, da muryar Kaka sak. Tana kai ƙarshensa na lalubi baitin a kaina. Wayam!

"Wace ce?" na ce, can ƙasan maƙoshi.

"Mai tsintuwa," aka raɗa. "Abin da kuka yar nake kwashewa."

Sanyi ya taɓa ƙeyata. Ta ja numfashi za ta shiga na biyu.

Sai raina ya ɓaci. Wallahi haushi ya fi tsoron yawa. Shekara nawa Kaka ta yi tana murɗe mini kunne a kan waƙar nan?

"Uban wa ya ce miki na yar?"

Na riga ta. Na rera na biyu da muryata mai kama da ta agwagwa. Ta bi ni, na ƙara ƙarfi.

Na uku. Numfashinta a kunnena.

Na huɗu. An riƙe mini gyale.

Na biyar a bakin ƙofa na ƙarasa shi, masaƙa a ka, gyalen na bar mata.

Yanzu kullum da yamma ina zaunar da 'yata Auta gaban masaƙa ina koya mata waƙar, tana turo baki. Zanenmu daga baiti na biyu yake farawa, bakinsa fari fat.

Jiya wata murya a bayan taga ta raɗa, "Ara mini yarinyar, in koya mata na farkon."

"Riƙe kayanki," na ce. "Auta, ɗaga murya."