Bujor Ya Ciji Uban Ango

Ranar ƙarshe ta shekara, Mirela da mahaifiyarta Veta suna kicin suna naɗe nama a ganyen kabeji, sai ƙarar ganguna ta taso daga ƙasan layi.

"Mama, ga su nan! Gangar Dorin ce, ko a barci na san ta!"

"To amarya, goge hannunki. Kin ɗaure Bujor?"

A ƙauyukan kwarin Trotuș na Romaniya, ranar nan maza ke sanya fatun beyar, wannan ƙaton naman daji, su bi gida-gida suna rawa don korar sharrin tsohuwar shekara, kuma ba a rufe musu ƙofa. Dorin, saurayinta, shi ne makaɗi. Mahaifinsa, Toader, shi ke sanye da fata mafi girma. Bujor kuwa karen marigayi babanta ne, karen da ya yi rayuwarsa yana tsaron tumaki a kan duwatsu, har beyar na gaske ya cire masa kunne. Da safe Mirela ta tausaya masa saboda sanyi, ta kwance sarƙar.

Ta fita a guje, amma ta makara. Toader ya riga ya shigo tsakar gida, ya miƙe yana gurnani. Bujor bai ko yi haushi ba — ya wuce ƙananan 'yan rawa, ya damƙi cinyar babban!

"Wayyo ƙafata! Ku cire min shi! Dorin, jefar da gangar banzan nan!"

Likita ya ɗinke rauni, ya yi allura. Kafin a dawo da shi gida, Toader ya yanke hukunci: ko a harbe kare, ko a fasa aure.

"Baba, kuskure ne fa," in ji Dorin.

"Kuskure? Zo ka ga kuskure a cinyata! Gidan da ke sakar wa suruki kare, gobe me za su sakar wa jikokina?"

Veta ma ba ta goyi bayan 'yarta ba. "Mirela, bara ya yaga wandon mai kawo wasiƙa, muka rufe maganar. Ba zan ga kin rasa miji saboda kare ba."

"Mama, shi kaɗai Baba ya bar min mai numfashi!" Ta fashe da kuka.

Dorin ya same ta a bakin rijiya. "Mu tafi birni mu yi aurenmu, mu da Bujor ɗin."

"Ka bar mahaifinka kwance da ciwon da ni na jawo? A'a, Dorin. Ba zan shiga gidanku ta taga ba."

Kullum sai ta kai wa Toader miya mai zafi, kullum a dawo mata da kwanon a rufe. Ba ta fasa ba. Ana cikin haka bidiyon da wani ya ɗauka ya bazu a wayoyi, mutanen nesa suna tambaya ko beyar na gaske ne ya shiga gari. Maƙwabta suka riƙa zuwa dubiya suna tsokana.

"Kai Toader, mu ma fa muna sanye da fatu, karen ko kallonmu bai yi ba!"

"To ku rawa kuke yi?" in ji Toader. "Tsalle kuke kamar awaki. Dabbar ta san abin tsoro in ta gan shi!"

Ya ce a sake kunna masa bidiyon. Amma hukunci bai janye ba, don mutum ne da ya fi jin zafin janye magana da zafin cizo.

Ranar da ya fara taka ƙafa, sai ga Mirela a ƙofarsa, riƙe da Bujor a sarƙa, idanunta jajur.

"Baba, ga shi. Laifina ne, ni na kwance shi. Ku yi yadda kuka ga dama, amma kada ku sa Dorin ya yi."

Toader ya ɗingiso da sanda. Bujor ya shinshina hannun tsohon, bai ji warin fata ba, ya zauna abinsa.

"Ka ga ɗan banza! Yanzu ka san ni?" Toader ya daɗe yana kallon guntun kunnen. "Gaskiya dai, ba zai zauna a gari ba, yara na wucewa. Ƙanena yana asarar tumaki a kan dutse. A kai shi can, inda cizo aiki ne. Ke kuma, 'yata, ina miyar yau?"

Mirela ta yi kuka ranar da aka tafi da Bujor, ta yi dariya ranar da aka ɗaura aure bayan bikin Ista, inda Toader ya nuna wa duk baƙon da ya tsaya tabonsa.

'Yan mata, ku lura: da ta gudu, da ta rasa dangi, da ta yi gardama, da ta rasa kare. Ta amsa laifinta, ta yi haƙuri da fushin babba har ya huce da kansa, sai ga miji a ɗakinta, ga Bujor da rai.