Tagar Lantana

Ku matso, ku rage murya. Wannan a wani asibiti ya faru, ba zan kama suna ba.

Lantana ce ke kula da rumbun bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Rumbun ya yi nauyi, in ka yi tambaya sai ka sha jira. Sai ta yanko wani sashe ta ware, tana kiransa taga: waɗanda aka rubuta sunansu da garinsu ne kaɗai a ciki. Ta saita na'urar, duk tambayar da ta shigo a juya ta, a amsa daga tagar nan. Aiki ya yi sauri, aka yi ta yabonta, ita kuwa kai ya kumbura.

Akwai wata tsohuwa, Inna Hajjo, da ke zarya tana neman ɗanta Tanimu, wanda ya shiga mota bai dawo ba. Kullum Lantana ta danna ta ce babu shi. Har ta fara ɗaure mata fuska.

Wata magariba kowa ya tafi salla, ita kaɗai a ofis. Fanka ta tsaya. Wata doguwar mace ta shigo a lulluɓe, ƙofa ba ta motsa ba. Ta tambaya ko Tanimu na nan. Leɓenta na motsi a gaba, amma muryar daga bayan kunnen Lantana take fitowa.

Lantana ta danna. Ta ce babu.

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Baiwar Allah, na duba."

"Na ce a cikin kowa. Ke kin duba waɗanda aka san garinsu. Wanda aka kwaso a titi, wa zai faɗi garinsa?"

Lantana ta dubi ƙasa don kunya. Nan ta ga mayafin na lilo, babu ƙafa a ƙarƙashinsa. Ta kauce wa tagar, ta tura tambayar cikin rumbun kansa. Na'ura ta daɗe tana nishi, sannan sunan ya fito. Tanimu, gari babu, ɗakin 'yan haɗari, gadon ƙarshe. Tun zuwan tsohuwar na farko yana nan kwance.

Ta ɗago, ba kowa. Ta ruga ɗakin ba ko takalmi, ta tarar an lulluɓe shi. Nas ta ce da la'asar ya cika, uwarsa yake ta kira.

Da safe Inna Hajjo ta zo kamar kullum. Lantana ta kai ta, ta kasa haɗa ido da ita. Tsohuwa ta shafa fuskar ɗanta, ta juyo ta riƙe hannun Lantana.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Ke kika nemo min shi."

Da zaginta ta yi, da ya fi mata sauƙi. Har yau in aka sa mata albarka sai ta tashi ta bar wurin.

Ku dai kada magariba ta riske ku ku kaɗai a irin wannan ɗaki. In kuma an zo neman mutum, kada ku yi saurin cewa babu.