Fartanya a Lambun Baba

Ana gab da magariba abu na farko ya faɗo a kan rufin kwano. Mama ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya wuce ta gefen kunnenta ya daki randa. Yaya, babban ɗan gidan, ya sunkuya ya ɗauka. Dankali ne, da danshin ƙasa a jikinsa, sanyi kamar hannun gawa.

Ya san abin da ya yi da safe.

Baba, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa sa fartanya a lambun bayan gida ba. Irin dankali yake jerawa a kan ƙasa, ya lulluɓe da busasshiyar ciyawa har gwiwa, in ganye ya leƙo ya ƙara wata. Ranar girbi hannu kawai yake zurawa. Maƙwabta na cewa noman rago, shi ko sai murmushi. Wata uku da rasuwarsa Yaya ya kasa zama, don zama na kawo tunani. A safiyar nan ya aro fartanya, ya yaye ciyawar, ya sari ƙasa har tafinsa ya fashe.

Kwana uku ana jifa, kullum in rana ta yi ja. Kaji suka daina shiga akurki. A na huɗu aka tsinci Auta, ƙanwarsa, kwance a lambun, tana tura ƙasa da hannu cikin ramukan da ya haƙa. Idonta a buɗe, amma ba kowa a ciki.

Aka ɗauko Malam. Ya zauna kusa da kanta yana karatu a hankali, har ta miƙe zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Maƙwabci." Muryar ta fito kamar daga ƙasan rijiya. "Shekara ashirin muna zaune da tsohon nan. Sama tasa, ƙasa tawa. Wannan ya zo da ƙarfe ya yaye mini rufi, 'ya'yana suna kwance a rana."

"Za a mayar maka da rufinka. Saki yarinya."

Yaya ya ruga, ya dinga kwaso ciyawa a ƙirji yana shimfiɗawa. Da ya gama, bakin Auta ya motsa.

"Babban mutum, ka ci abinci kuwa?"

Muryar Baba ce, har da ɗan tarin nan na ƙarshe. Mama ta toshe baki ta zube.

"Kullum yana shuka yana mini hira, na haddace shi," in ji aljanin. "Ku bar mini yarinyar. Duk magariba zan kawo muku shi."

Malam bai ɗago ba. "Kai ka fasa masa gida, kai za ka ba shi amsa."

Abu ɗaya Yaya yake so ya gaya wa Baba, wanda bai samu faɗa ba a asibiti. Ya dubi yatsun Auta, duk farcen sun karye.

"Ba ni ƙanwata."

"Ba za ka sake jin sa ba fa."

"Na sani."

Ciyawar ta lotsa sau ɗaya, kamar an taka ta. Auta ta yi atishawa, ta langaɓe a jikin Mama.

"Yaya, kai kuma kukan me kake yi, ƙato da kai?"

Siririyar muryarta ce, mai ɗan mura.

"Sake faɗa," ya ce.

"In faɗi me?"

"Ko me ma. Ke dai yi magana."