Suwaibatu Mai Fararen Ɓeraye

"Ba zan ɗora shi saman mota ba," in ji Suwaibatu. "Rana za ta kashe su."

Direban ya leƙa akwatin da ke hannunta, ya ga fararen ɓeraye shida, ya ja da baya. A tashar Bolari ne, cikin garin Gombe, shekarar 1978. Ta zo da su hutun salla don babu mai ba su abinci a ɗakin binciken da take aiki a Zariya. Ba ɓerayen rumbu ba ne. Iri ne da masana suka daɗe suna haɗawa har suke gadon ciwon daji, ana nazarin cutar a jikinsu. Ita ce cutar da ta ɗauke mahaifiyarta.

Wani malamin makaranta, Babayo, ya miƙo hannu. "Kawo in riƙe, ranki ya daɗe. Suna cizo?"

"Sai wanda ya raina su."

Har Zariya akwatin na kan cinyarsa. Da ya koma Gombe, sai ya fara rubuto mata wasiƙa. Wasiƙarsa ta uku cewa ta yi: "Sanyin idona, ki gaida mini baƙina shida. Cinyata na kewarsu, ni kuma ina kewar mai su."

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa Adda ta aika aka kira ta.

"'Yar nan, ban ƙi ki ba. Amma hannun da ke shafa ɓera ba zai tuƙa mini tuwo ba. Ki ajiye aikin."

Suwaibatu na durƙushe, kanta a ƙasa. "Ki gafarce ni, Adda. A gabana Innata ta ƙare, babu wanda ya san abin da ke cin ta. Ba zan ajiye ba."

Wata uku babu wasiƙa. Ta ɗauka ya haƙura, ba ta kuwa neme shi ba. Ashe gidajen baffanninsa yake bi ɗaya bayan ɗaya. Ran nan sai ga shi a ƙofar ɗakin bincike.

"Baffannina sun amince, na kuma nemi canjin aiki zuwa nan."

"Adda fa?"

"Ta ce Allah ya sanya alheri. Ta ce kuma tana nan kan bakanta."

Aka ɗaura aure a unguwar Shamaki, Gombe, dattawa suka sa albarka, Allah kuwa ya ba su zaman lafiya. Adda ta goyi 'ya'yan Suwaibatu uku, tana kiran ta 'yata a gaban kowa. Amma shekara goma sha huɗu, har ta koma ga Allah, ba ta taɓa cin loma ɗaya daga tukunyarta ba.