Muryar Da Kalangu Ya Cinye

Riskuwa na bakin murhu tana tsintar shinkafa, cikin wata bakwai ya hana ta sunkuyawa, sai ga mijinta Isuwa ya faɗo gidan da rikoda rataye a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga.

"Amarya, yau kin yi asara! Masu kalangun Ambursa sun tada gari. Da sunka hange ni sai babbansu yac ce, ga mai rikoda ya iso, yanzu anka fara biki!"

"Sannu da zuwa," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Jiya Kalgo, yau Ambursa. Gobe fa?"

"Gobe goge nan Nasarawa, jibi kiɗan 'yan dambe. Ni bizi nike. Duk Birnin Kebbi wa yas san firogiram ɗin makaɗa kamata?"

Gaskiya ya faɗa. Masinja ne a ofis, amma da an tashi aiki zai haye babur, duk inda aka ɗaure ganga da shi za a kwance ta. Riskuwa tana son mijinta, gajiya ce dai ta yi da tuwon da ke hucewa cikin kwano.

"Ka tuna Inna na tahe gobe amsar kaset ɗinta? Ka kwafe?"

"Wanga ai aikin minti goma na."

Kaset ɗin nan ba na waƙa ba ne. Mahaifin Riskuwa, Malam Usmanu masunci, ya tafi Makka shekara shida da suka wuce, ya aiko da muryarsa ta hannun wani alhaji, bai kuma dawo ba, can ya rasu. Kowace Juma'a Inna Hodi sai ta saurara. Da zaren ya fara ja, ta ba surukinta ya sake mata a sabo, tun da shi ne gwani. Wata biyu ke nan yana cewa gobe.

Washegari da hantsi Inna ta sauka daga motar Argungu. Isuwa ya durƙusa ya gaishe ta, ya lalubo kaset ɗin cikin tarin nasa, ya danna.

"Assalamu alaikum. Hodi, ina gaishe ki, ina gaida yara..."

Sai ƙaras! Kalangu ya ɓarke, maroƙi na ihu: "Ina Isuwa mai rikoda, angon Riskuwa!"

Isuwa ya juya kaset ɗin. Ɗaya gefen ma kalangu ne. Sai yanzu ya tuna: jiya zai fita da sauri, babu sabon kaset, ya wawuri wanda ba rubutu a jikinsa, ya cusa takarda a hujin kaset ɗin don ya ɗauki kiɗi a kai, kamar yadda ya saba.

"Inna... sori, wallahi kuskure..."

Inna ba ta dube shi ba. "Riskuwa, ɗauko mayafinki."

"Inna, don Allah..."

"Na ce ɗauko! Ƙasa ta ɓoye min ubanki, ban ga ko kushewa tai ba. Ɗan abin da yar rage, mijinki ya ba maroƙa. Ki haihu gabana. Bayan nan shi aiko da takardarki."

Riskuwa ta bi ta tana kuka, tana waiwaye.

Sau uku Isuwa yana tura dattawa Argungu, sau uku suna dawowa da kunya. Ran nan ya je da kansa, Riskuwa ta fito zaure da ƙyar, ƙafafu a kumbure.

"Na gaji, Malam. Ciki Inna na kuka, waje kai kana roƙo. Ban iya ce mata ta yafe, ubana na. Ban kuma iya cewa ban son ka."

"To mi zan yi?"

"Ban sani ba. Ni dai ina nan, ban amsar takarda. Amma ka bar turo mutane, baki ba ya gyara wanga abu."

Zai tashi ta ce, kamar da kanta take magana: "Da Baba na nan da ya yi dariya. Shi ma da ya ji takenai wurin su, ko cikin ruwa yake sai ya ɗaga homa tai ta kamun kifi ya yi kuwwa."

Isuwa ya tsaya cak. Take! Kowane babban masunci da kiɗansa, kuma akwai mai kaɗa masa.

Nan sanin makaɗa ya yi rana, ya shiga neman tsohon da ke kaɗa wa surukinsa take. Mai goge ya tura shi wurin mai kalangu, mai kalangu ya ce sai Gulma, a Gulma aka ce ai tsohon ya koma wurin ɗiyarsa. Sati biyar yana yawo, babur ya mutu sau biyu, shi kansa ya rame, cika bakin nan duk ya zube a hanya. A wani ƙauye bayan Augie ya sami Ummaru makaɗin masunta, ido ya tafi, ganga na rataye a rumbu.

"Na bar kiɗi, yaro."

"Baba, aurena na hannunka."

"Taken wa?"

"Usmanu na Argungu, mai homa."

Tsohon ya ɗaga kai. "Usmanu... Sauko min da gangar."

Da la'asar suka tsaya ƙofar gidan Inna. Da hannun tsohon ya sauka kan fatar ganga sai ya tuna hanya. Ummaru ya buɗe murya yana kiran Usmanu da kirarinsa, yana lissafa gurbin ruwan da ya shiga.

Cikin gida muciya ta faɗi daga hannun Inna. Ta zo bayan zaure ta tsaya, Riskuwa na riƙe da ita, hawaye na zuba har aka gama.

"Wagga ba murya tai ba ce," Inna ta ce.

"Ba ita ba ce, Inna," Isuwa ya amsa daga durƙushe. "Waccan ban iya maido ta har in mutu."

Inna ta share ido ta dube shi.

"Ka ɗauka?"

"Tsoro yah hana ni zowa da rikoda."

"Kai dai ba ka taɓa yin abu kan lokaci nai ba! Ranar da ba a so ka ɗauka, yau da aka so ka bar ta gida. Gobe ka zo da ita." Ta juya, ta ƙara da cewa, "In ta yi arba'in ka zo ka ɗauki matarka."

Riskuwa ta sulale ƙasa tana kuka da dariya.

Bayan arba'in ta koma ɗakinta da ɗa namiji. Isuwa bai bar son kiɗi ba, amma ya koyi cin tuwo da zafinsa.

'Yan'uwa matasa, sha'awa ba laifi ba ce, sai ranar da ta sa ka taka abin da aka ba ka amana. Wani abin in ya ɓace ya ɓace ke nan, ko an yafe maka. Riskuwa kuwa, da ta biye wa fushin uwa ko ta bijire mata, da ta rasa ɗaya cikin biyu. Haƙurinta ne ya bar mata uwa, ya bar mata miji.